Sanarwar Bara

Ni na riƙe ƙanwata Samira tun rasuwar iyayenmu, kuma ni da ƙafata na taso daga Jiratawa na kai wa wani gidan radiyo a Maraɗi sanarwar aurenta da Maliki, ɗan Tibiri. A gabana mai karanta sanarwa, wani Shamsu, ya ɗauki muryarsa, na saurara, sunan ango daidai. Kafin in fita na tuna masa akwai ta bara a wurinsu, ta aurenta da Idirisa da aka fasa, na roƙe shi don girman Allah ya goge ta. Ya ce an gama. Ashe a baki kawai aka gama.

Ranar jajibere da hantsi muna tsakar gida ana tsintar shinkafa, radiyo na kan turmi, sai muka ji iyalan marigayi Malam Tanimu na gayyatar jama'a ɗaurin auren Samira da angonta Idirisa, gobe Asabar. Suka kuma maimaita, wai ko akwai wanda bai ji ba. Gwaggon Maliki, wadda ta zo taya mu aiki, ta yafa mayafinta ta fice, ko sallama babu.

Dama da ƙyar danginsa suka yarda da auren nan, cewa suke har yanzu Idirisa na ran yarinyar. Ni na yi ta rantsuwa a gaban manyansu cewa wannan magana ta mutu an binne. Na hau kabu-kabu na nufi gidan radiyon zuciyata na tafasa.

Na tarar da shugaban gidan, Alhaji Alkasim, a biro, wato ofishinsa, yana shan shayi. Ya sa Shamsu ya buɗe na'urar da suke ajiye sanarwa. Kai ka ce ɗakin tsohuwar da ba ta zubar da fasasshiyar ƙwarya: sanarwar matattu, cigiyar awakin da aka daɗe da cinyewa, da sunan Samira jere reras, ba a san sabuwa ba balle tsohuwa.

"Hajiya, yi haƙuri," in ji Alhaji. "Mu nan ba mu yar da komi. Ajiya maganin wata rana."

"To ga ranar ta zo, Alhaji," na ce. "Ajiyar taka ta warkar da wa? Ɗiyar mutane kuka tozarta gaban surukanta. Ba ni tahiya sai an goge ta ina gani."

Ya fara kawo zancen wai sai an yi taro an tsara abin da za a riƙa gogewa. Na ja kujera na zauna a bakin ƙofa na tare hanya. Da ya ga ba wasa na zo ba, ya ɗaga wa Shamsu kai. Aka goge, aka sa ta gaskiya, aka ba da haƙuri a iska.

Daga can na wuce Tibiri. Na durƙusa gaban kawun Maliki har gwiwoyina suka yi tsami. Daga ƙarshe ya ce za su zo gobe, amma sai gwaggonsu ta ji daga bakin amarya cewa babu kowa a ranta sai ɗansu. Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Da la'asar na shigo gida ina kiran Samira in yi mata albishir. Tana ƙuryar ɗaki, lalle a ƙafa, waya manne a kunne. Wata ƙawarta ta ɗauki sanarwar daga radiyo ta turo mata. Daga bakin ƙofa ina jin muryar Shamsu ƙasa-ƙasa tana haɗa sunanta da na Idirisa. Da ta ƙare, ta mayar da ita farko.

"Goge ta," na ce.

"To, Yaya."

"Yanzu, ina gani."

Ta dube ni, idanunta sun yi ja. Sai ta tura wayar ƙarƙashin matashi ta ɗora kanta a kai.