Randar Baranda

Turawa sun tafi da shekara biyu, amma randunansu suna nan a lakwal, makarantar bokon Dogon Dutsi: ɗaya a inuwar baranda don 'ya'yan ma'aikata, ɗaya can jikin darni don 'ya'yan makiyaya da na ƙauye. Ba a rubuta dokar ko'ina ba. Amma wanda ya karya ta, darakta, shugaban makarantar, ya san yadda yake goge suna daga jerin masu jarrabawa.

Gidaɗo, ɗan makiyaya daga Dogon Kiriya, saura masa wata guda ya zauna jarrabawar satifika. Sai ga Maikano, ɗan magatakarda, wanda bai taɓa ko yi masa sannu ba, ya tare shi bayan aji.

"Na ji a rediyon babana, ɗalibai baƙaƙe a Amirka sun zamna kujerun da anka hana su. Gobe mu ma mu yi. Kai za ka hwara shan ruwan baranda."

"Don mi sai ni?"

"Kai aka jin maganatai cikinku."

Gidaɗo bai yarda ba ko kaɗan. Uban Maikano abokin darakta ne, kuma a lissafi Gidaɗo kaɗai ke gaban Maikano. A cire shi, hanya ta buɗe. Sannan wane ne bai san ɗan Fulani ba ya shan ruwa a gaban babba? Ko a gaban mahaifinsa bai taɓa ba. In ya sha a kore shi, in ya kasa a yi masa dariya har damina.

Washegari da aka fito hutu, yara suka taru gaban baranda. Darakta na tsaye a baranda, hannu a baya. Maikano ya cika moɗa daga randar baranda ya miƙo wa Gidaɗo.

Gidaɗo ya tsura wa fuskarsa ido yana neman murmushin mugunta, bai gani ba. Sai ya dubi hannun. Rawa yake yi, ruwa na zuba a kan takalman Maikano. Kunya ta kama Gidaɗo, ba ta ruwan ba, ta zargin da ya yi masa.

Ya karɓa, ya juya wa darakta baya, ya tsuguna kamar yadda ake yi a rugarsu, ya shanye tas.

Darakta ya zaro alƙalami, ya kira suna biyu. Na Maikano ya fara kira.