Tseren Moto Ba Birki a Keita

Lurwanu makanike ne a garejin furoje, wato aikin raya karkara na Keita, a shekarun da aka fara jera duwatsu bisa tsaunuka don tare ruwa. Mutum ne mai son ganin cikin abu. Ko agogo ka ba shi ajiya sai ya buɗe bayansa.

Wata safiya ya iske wani Bature ɗan Italiya, wanda ma'aikata ke kira Mai Gemu, ya kafa kunne ga rediyo yana ta murmushi. Da guntun Faransanci suka fahimci juna: an yi gasar tseren moto, wato babur, ta ƙasarsu, ƙanensa ya zo na uku. Ya ce moton tseren nan ba shi da birki sam.

"To, in sun kai kwana, mi suka yi?" in ji Lurwanu.

"Kwantar da moto suke, su ja ƙafar hagu a ƙasa. Takalmin na ƙarfe ne."

Maganar ta hana Lurwanu sukuni. Ya tafi wurin Maiguwa maƙeri, ya sa ya ƙera mashi tafin takalmi da tsohuwar hauya. Maiguwa ya ce, "Ƙafa guda? Ɗayar fa, laifin mi ta yi?" Amma ya ƙera.

Ran Juma'a bayan la'asar, Lurwanu ya kwance birkin tsohon motonsa, ya shata da'ira da toka a fakon bayan gari. Alƙasim, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya yarda su kara, sai dai ya ce shi birkinsa na nan daram. Mutane suka taru har da masu dawowa daga daji da jakuna.

Kwanar farko Lurwanu ya faɗi. Ta biyu ma haka, gwiwa ta ɗaye. A ta uku sai ya ƙara wuta maimakon ya rage. Ƙafar moton ta baya ta zame, ƙarfen takalmi ya yi ta tartsatsi bisa tsakuwa, moton ya zagaye kwanar da kansa kamar an ja shi da igiya. Lurwanu ya ji abin har cikin ƙashinsa.

Alƙasim ne ya ci, da nisa. Lurwanu bai ma ga ƙarshen tseren ba, don rashin abin tsayawa ya kai shi cikin karan dawa na gonar wani. Da Mai Gemu ya zo ya ɗaga shi, Lurwanu yana tofar da ƙasa ya ce, "Na gane ta kwanar. Gobe ka hwaɗa mani yadda suka tsayawa."