Tukuicin Kawu Alkasum

Abdussamad mutum ne mai dabara, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Abin da Allah bai ba shi ba shi ne kunya, kuma shi bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashi ba. Shi ya kafa ɗan kamfanin nan na bayan tashar mota a Birnin Ƙonni, inda suke haɗa manhajar da ke yi wa manomi magana da Hausa. Takan faɗi farashin albasa a Galmi, ta nuna hoton tsutsar da ke cin tumatir da maganinta. Suna sa ta cikin tabilet, kwamfutar nan mai kama da faranti, su sayar. Ko dai a ce suna son su sayar, don kasuwa ta cika maƙil da masu araha da ake tsallakowa da su daga Najeriya.

Duk maganar da ke fita daga manhajar, muryar Junaidu ce, ɗaya daga cikin ma'aikatansa. Shi aka zaunar ya karanta komai, saboda Hausarsa ta gida ce, ba ta lakwal, wato makarantar boko, ba. Kuma shi Abdussamad ya kira ranar da dabara ta faɗo masa.

"Ba mu iya kada su wurin araha," in ji shi. "Amma su ba su da dattijo ko guda. Mu sa abin ga hannun manyan masu lambu, su riƙe shi rani guda. Kowa ya gane shi hannun dattijo shina so. In rani ya wuce mu amshe, mu kai Malbaza mu sake. Kai ɗan Badagishiri ne, can za mu hwara."

Badagishiri kuwa, a wurin Junaidu, gidan Kawu Alkasum ke nan. Tun yana rarrafe uwarsa ta rasu, kawun ya ɗauko shi ya haɗa da 'ya'yansa, kwano ɗaya, bulala ɗaya. Ba shi da wani gida a duniya da zai shiga ba sallama sai wannan.

Ya isa da kwalin kaya a bayan babur. Kawu ya tara abokan nomansa a ƙofar gida, duk masu furfura. Junaidu ya durƙusa ya miƙa wa kowa tasa, ya latsa, sai ga muryarsa tana gaisuwa. Wuri ya kaure da salati da dariya. Ya buɗe baki zai ce aro ne, sai Kawu ya ɗaga hannu ya fara addu'a, yana hawaye, yana cewa yau maraya ya rama wa gari alheri. To wane ɗan halas ne zai katse addu'ar dattijo ya ce a dakata, akwai sharaɗi? Da aka shafa, abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, "Ku gwada ku gani."

Da zai tafi, Kawu ya sa aka ɗaure zabi biyu da kwandon tumatir a bayan babur. "Ga tukuicinka, ɗana. Ka ce ma maigidan naku mun gode."

Nan Junaidu ya yi kuskuren da ya fi na farko, ya sa hannu biyu ya karɓa. Ya san abin da tukuici yake nufi sarai. Ba a ba wanda ya kawo aro tukuici, sai wanda ya kawo kyauta. Ya ce a ransa zai gyara magana wani zuwan. Zabin dai aka soye su a Ƙonni, har Abdussamad ya ci cinya yana santi.

Dabara ta ci, babu ƙarya. Kawu Alkasum ya ɗinka wa tasa jakar fata, yana rataye da ita lambu da kasuwa, duk wanda ya tsaya sai ya ji muryar ɗansa. Samari suka fara zuwa Ƙonni tambayar kuɗinta. Junaidu ya je gida sau da yawa a ranin nan, kowane zuwa da maganar a bakinsa, kowace dawowa da ita a cikinsa.

Sai wani babban kamfani daga Yamai ya fara leƙen masu lambun Malbaza da nasa kayan. Abdussamad ya tashi haiƙan.

"Tahi ka amso min kayana. In ba mu riga su ba mun mutu."

"Patoro, sun ɗauka kyauta ce," in ji Junaidu, don haka suke kiran maigidan nasu.

"Wa yac ce musu kyauta ce?"

"Na amshi tukuici."

"Zabi?" Abdussamad ya yi dariya har da buga tebur. "Kamhwani za shi rushe don zabi biyu?"

Gaskiya yake faɗa, abin da ya fi ƙona ran Junaidu ke nan. Kayan su ne jarin kamfanin kaf. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma shi ne ya ci. Ya roƙi a ba shi lokaci ya lallaɓa Kawu. Aka ba shi, ya kasa. Ya sake roƙo. Abdussamad ya ce to, da irin "to" ɗin da ba ta kai ciki ba.

Ashe tun farko akwai makulli a cikin manhajar, wanda ake murɗawa daga buro, wato ofishinsu. Har da saƙon da ke biyo bayansa, wanda Junaidu ya karanta da bakinsa a cikin ɗaruruwan jimloli, ya manta. Abdussamad bai ga ranar murɗawa ba sai ranar kasuwar Badagishiri. Kawu na zaune a rumfar 'yan albasa, fatake sun kewaye shi, ya latsa don su ji farashi. Fuskar abin ta yi baƙi. Sai muryar ɗansa, tangaram, a gaban jama'a: "Lokacin aro ya ƙare. A mayar da wannan na'ura ga masu ita." Ya sake latsawa, ta maimaita. Duk inda ya taɓa, ita ce dai.

Wani direban motar siminti ne ya kawo wa Junaidu labari, yana ba shi yana dariya, bai san da wa yake magana ba. Junaidu bai ko tsaya zagin Abdussamad ba. Ya hau babur, bai tsaya ko'ina ba har Badagishiri. A hanya ya shirya wa faɗa, ya shirya wa zagi, har mari ya shirya wa, yana ma fatan a mare shi.

Kawu Alkasum na ƙofar gida. Kusa da shi ga kwali, an jera kayan duka a ciki, kowace an goge ta tas. Junaidu ya zube zai fara magana, Kawu ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi masa ba, ya ba shi hannu, ya kira shi Mushe, yadda ake kiran baƙon ma'aikaci da Faransanci.

"Sannu da zuwa, Mushe. An sha hanya. Ga kayanku nan, a duba ko da wanda ya ɓace."

"Kawu, don Allah ka saurare ni..."

"Babu komi, Mushe. Mu munka yi rashin fahimta. Mutanen ƙauye ne, sai haƙuri."

Junaidu ya dubi zauren da ya yi wayo a cikinsa, ya yunƙura zai shiga ko matar kawun, Ummul Khairi, za ta sa baki. Kawu ya ɗan gusa, a hankali, ya tsaya a bakin ƙofar. Ya jawo kujerar roba ya kakkaɓe ta da hannun rigarsa, ya ajiye a waje. Sannan ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya.

"Ummul Khairi! A kawo ma baƙo ruwa."