Sa Hannu na Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin Stamatia tana tatsar man zaitun, ba wanda ya taɓa tambayarta takarda. Bana sabuwar doka ta ce duk mai matatsa ya yi rajistar ramin da yake zuba dagwalon zaitun, ko a garƙame masa ƙofa.

Ma'aikacin ofishin muhalli, Lefteris, ɗan maƙwabciyarta ne.

"Goggo, filin da sunan kakanki yake. Shi zai sa hannu."

"To tashi mu je maƙabarta, ka riƙe masa biro."

"Ko magada duka, ku goma sha ɗaya."

A ƙauyensu da baki ake rabon gado, a nuna wa kowa bishiyoyinsa. Ta sa hannu, ta bi magada tara gida-gida, suka sa. Saura wanta Thanasis da ke Ostireliya, wanda ta rantse ranar jana'izar uwarsu ba ta ƙara yi masa magana.

Buhunan zaitun ɗin mutane suka fara tsami a ƙofar matatsar da aka garƙame. Ta haɗiye rantsuwarta, ta buga waya.

"Dama ina jiranki," in ji Thanasis. "Bishiya nawa za ki ba ni?"