Hawayen Ramlatu a Zauren Fado

Wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifiyar Ramlatu a Kano, kuma sau biyu kacal Gidaɗo ya ga hawayen matarsa. Duka biyun ya yi abin da ya tashi ya ga manya suna yi. Ya dafa kafaɗarta ya ce, "Yi haƙuri, addu'a take buƙata, ba kuka ba." Ita kuma ta share ido ta koma kan littattafanta na jami'a.

Wata ranar Alhamis ya dawo da wuri daga ofishinsu na tura kaya a unguwar Xiaobei ta ƙasar China, ya tarar da ita a kicin, abin sauraro a kunne, hawaye har haɓa. Tana ganinsa ta zare abin.

"Wa ya turo miki?"

"Aicha ce, ƙawata 'yar Maraɗi. Waƙar mutanen Fotugal ce, fado suke ce mata."

"Kina jin yarensu ne?"

"Ko kalma ɗaya."

Ya so a ce namiji ne ya turo, da ya san inda zai kai fushinsa. Amma mace ce ta turo, mace ce ke rerawa, kuma wannan baƙuwar murya ta samu abin da shi mijinta bai samu ba. Abin ya yi ta cin sa har kwana uku.

Da ya ji wata mawaƙiyar fado za ta yi wasa ranar Lahadi da la'asar a wani ƙaramin zaure kusa da kogi, kuma Ramlatu da Aicha za su je, sai ya ce da shi za a je.

Aicha ta kwashe da dariya a bakin ƙofar zauren. "Laoban, babban maigida da kansa! Wa ka bar wa kwantena? To bari in gaya maka, mijin ƙawata, nan ba a liƙi, ba a guɗa. In ta buɗe baki, ko tari ne haɗiye shi."

Aka rage fitilu. Matar ta fito da baƙin mayafi a kafaɗa, ta tsaya tsakanin mai wata zagayayyiyar gita da masu gogen Turawa huɗu, ɗaya gogen don girma a ƙasa aka kafa shi. Gitar ta fara ƙyal-ƙyal, gogunan suka shigo a hankali ta ƙarƙashinta. Sai matar ta rufe ido ta ja murya sama, ta riƙe ta har numfashin Gidaɗo ya tsaya, sannan ta sake ta ta faɗo a karye, babban gogen ya tare ta. Ya ji tsikar jikinsa ta tashi, ya kuma ji haushin hakan.

Ya waiwaya. Kafaɗun Ramlatu na rawa. Bakinsa ya riga shi.

"Ramlatu, yi haƙu..."

Wata tsohuwa 'yar China da ke gabansu ta juyo ta ɗora yatsa a leɓe. Aicha ta ja hannun rigarsa. Dole ya yi shiru, ya zauna yana kallon matarsa tana kuka waƙa ɗaya, biyu, uku, ba mai katse ta. Bai taɓa sanin kukan yana da yawa haka ba. Ya dubi mawaƙiyar, wadda ba ta ma san da Ramlatu a duniya ba, ya ji kamar ya tashi ya fita.

A jirgin ƙasa na komawa gida Aicha ta sauka ta bar su. Ramlatu ta jingina da ƙarfen riƙo, idanunta jajur.

"Inna ma haka muryarta ke karyewa," in ji ta. "In tana tankaɗe takan yi waƙa ƙasa-ƙasa. Da ta ji motsin Baba sai ta yi shiru."

Shekara biyar da aurensu, bai taɓa jin wannan ba. Har yanzu zuciyarsa na ciwo cewa sai da wata baƙuwa ta buɗe masa ƙofar. Amma ya matsa kusa.

"Me Inna take cewa a waƙar?"

Ramlatu ta fara tuno baitin farko. Jirgin ya tsaya a Xiaobei, ƙofofi suka buɗe, mutane suka yi ta tururuwar fita. Gidaɗo ya ga tasharsu ce sarai, bai motsa ba.