Makullin Farar Pijo

"Riƙe, ki ɓoye. Ko innarki kada ta gani."

Yaya Kadi ce ta miƙo hannu ta saman katangar da ta raba gidanmu da nasu, ta danƙa min ƙullin baƙar leda. Ina tsaye ina shanya, hannuna duk kumfa. Na matsa ƙullin, na ji ƙarfe, na ji takarda.

"Mi ne ne a ciki?"

"Makullin mota da takardunta. Mutumen nan ya sake dawowa."

Na taka turmi na leƙa. A ƙarƙashin bishiyar bedi da ke tsakar gidansu, farar Pijo ɗin Baffa Dikko tana nan inda na san ta tun ina ƴar lakol, ƴar firamare. Wani dogon mutum siriri yana zagayarta a hankali, yana shafa ta da tafin hannu, yana sunkuyawa, yana ɗagowa, kamar mai taya saniya a kasuwa. Kwanansa uku ke nan a Gazawa. Ya ce sunansa Rashidu, ya ce daga can bayan Kamaru ya fito. Ba wanda ya san shi, ba wanda ya san ubansa.

Baffa Dikko kuwa yana ɗaki a kwance. Tun saukar damina ƙafafunsa suka kumbura. An kai shi asibiti Maraɗi, aka dawo da shi da jakar magani da wani irin shiru da kowa ya gane ma'anarsa. Ba shi da kowa sai Kadi, ɗiyarsa tilo, wadda ta dawo gida da yara biyu bayan rasuwar mijinta.

Duk wanda ya girma a Gazawa ya hau motar nan ko an ɗauko shi a cikinta. Shekara talatin da wani abu Baffa yana jan ta, Gangara ranar kasuwa, Agye, Maraɗi, da buhunan gero bisa kanta da awaki a bayanta. Doguwar 504 ce, irin mai kujeru jere uku. Da idonsa ya mutu shekara shida da suka wuce, ya ajiye ta, amma bai sake ta ba. Kowace Juma'a da hantsi sai ya lalubo ƙofa ya shiga ya tayar da ita, ya zauna yana saurare har ta yi ɗumi. Ranewe yake ce mata, yadda Fulani ke kiran farar saniya. Har igiyar ɗaure maraƙi ya ƙulla mata a ƙarfen gaba, yara suna yi masa dariya.

Ina son tsohon nan, son da ban taɓa iya faɗa wa kowa ba, don ni ban tashi na ga kakana ba. Wata rana ya sa na karanta masa tarihin masu ƙera motar a wayata. Na ce masa mutanen Faransa ne, kuma kafin mota zarto suke yi, da ƴan injinan niƙa kafe, wato kofi, sannan keke. Na ce zakin da ke gabanta ma don haƙoran zarto aka fara zana shi. Ya yi dariya har da tari.

"Ashe daga niƙa suka fara! Shi ya sa ba ta jin wahala, ɗiyar masu niƙa ce." Da na zo inda aka ce an buɗe masana'antarsu a Kaduna, sai ya ɗaga hannu. "Tsaya nan. Wannan na sani. Can aka haife ta."



Kada a ga laifin Kadi. A shekarar nan masu sayen tsohon ƙarfe sun cika gari, suna bin gidajen da mai gida ya kwanta ko ya rasu, su yi daɗin baki, su yanka mota gunduwa-gunduwa su haye iyaka da ita. Haka suka raba matar marigayi Chindo da babbar motarsa kafin ta fita takaba. Ga shi wannan baƙo ba ya cin abincin gidan, ko fura aka miƙa masa sai ya ce ya ƙoshi. In ya shiga ɗakin Baffa sai ya saki labule, su koma Fulatanci ƙasa-ƙasa. Kadi kuwa uwarta Bahaushiya ce ƴar Tibiri, a Fulatanci gaisuwa kawai take ji.

"Mi yake faɗa mashi wanda ba zai faɗa da Hausa ba?" in ji ta. "Sakina, ubana bai san inda kanshi yake ba. Motar nan ita kaɗai zai bar wa yaran nan."

Na sa ƙullin a ƙasan akwatin littattafaina.

Washegari Juma'a. Da hantsi na kai wa Baffa kunu. Ɗakin yana warin magani da danshin ƙasa. Ya rame har zoben azurfarsa yana juyawa a yatsa. Rashidu yana zaune a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Kadi," in ji Baffa, "miƙo min makulli. Yau Juma'a."

"Ya ɓace, Baffa. Na duba ko'ina."

Sai ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, kamar yana gani na.

"Sakina, ke mai ido. Ba ki gan shi ba?"

Kwanon kunun ya yi min nauyi. Kadi ta zuba min ido.

"Ban gani ba, Baffa."

"To." Ya lumshe ido. "Zan tahi da kayan mutane a wuyana ke nan."

A waje Kadi ta ja ni gefe. "Kin ji ko? Kayan mutane! Motar da ya sha rana a cikinta tun ban zo duniya ba. Kwana uku kacal, ya juya mashi kai."

Na koma gida ban iya zama ba. Ƙaryar da na yi wa makaho tana min ɗaci a baki. Na buɗe akwati na kwance ledar. Makulli ɗaya ne, ya side don tsufa. Takardar motar ta yi laushi kamar tsumma, an lilliƙe ta. Na karanta sunan mai mota sau biyu. Ba Dikko ba ne. Gado Tala aka rubuta.

Na nuna wa Kadi ta kan katanga. Ta taɓe baki.

"Wannan ai tsohon labari ne. Jandarma sun sha tsayar da shi a kanshi, ya ƙi sauyawa. Sunan wanda ya sayar mashi ne, mi kuma? Duk wanda ya wuni tasha zai ji wannan suna. Can baƙon nan ya samo shi."

Na ɗauki mayafi na fita. Rashidu ya koma ƙofar gida, yana kan tabarma. Ban ko gaishe shi yadda ya kamata ba.

"Malam, wa ye Gado Tala?"

Ya ɗago. Idonsa ja ne, ban san ko na hanya ba ne ko na wani abu.

"Ubana ne. Ya rasu."

"Motar nan ka zo ɗauka?"

"An kira ni ne, ƙanwata." Hausarsa tana da nauyi, yana ɗaukar kalma ɗaya-ɗaya. "Kin san habbanaye?"

Na ce na taɓa ji.

"In shanun ɗan'uwanka sun ƙare, kana ba shi saniya. Ba kyauta ba, ba sayarwa ba. Ya sha nono, ta haifa mashi maruƙa uku su zama nashi, sannan ya maido uwar. Dole ya maido. A farin shekarar tamanin da huɗu shanun Baffa suka mutu, ko ɗaya bai tsira da ita ba. Ubana kafin nan ya sayar da bijimai ya sawo wannan a Kaduna. Saniyar da zai ba shi ba ta kusa, sai ya ba shi mota. Ya bi sauran garkenmu kudu, bai dawo ba. Shekara da shekaru Baffa yana aika saƙo ta bakin makiyaya. Bana saƙon ya iso ni, a waya."

"Kowa zai iya shirya wannan labari."

"Gaskiya ne." Bai yi fushi ba, kuma rashin fushin ya ƙara tsorata ni. Ya fiddo waya mai fasasshen gilashi ya nuna min hoton jajayen shanu. Ya buɗa hoton da yatsa har kunnen wata ya cika fuskar wayar. Yanka biyu a sama, ɗaya a ƙasa. "Shaidar gidanmu. Je ki duba kunnen motar na hagu."

Na shiga gidan na tsaya gefen direba. A bakin ƙarfen madubin ƙofa akwai gurbi biyu a sama, ɗaya a ƙasa, an goga su da zarto, sun yi baƙi don daɗewa. Sau nawa na duba fuskata a madubin nan ina yarinya! Na ɗauka karo ne ya fasa shi.

Kadi ta zo ta tsaya bayana, na faɗa mata.

"Kwana uku yana shafa ta, ba zai ga yanka ba?"

"Shanun fa, Yaya? Jiya ya yanka masu kunne?"

"Hoto ne, Sakina. Shanun wa? Ke kin gan su?"

Na dubi Kadi, idonta ya kumbura da rashin barci, ɗanta ƙarami yana riƙe da zanenta. Na dubi labulen ɗakin Baffa. Sai na je na ɗauko makullin.

Na durƙusa gefen gadonsa. "Baffa, ni ce. Kunnen hagu na Ranewe, wa ya yanka shi?"

Bai buɗe ido ba. Ya ɗaga yatsa ya yanka iska, biyu a sama, ɗaya a ƙasa.

"Gado. Da hannunshi, a tashar Agye. Ina tsaye ina kuka kamar yaro." Ya huta. "Kadi tana nan?"

"Ga ni, Baffa," in ji ta daga ƙofa.

"Ta haifa min gidan nan. Ta haifa min gonar hanyar Gangara. Ta haifa min auren uwarki. Uku sun cika tun kina goye. Maruƙan naki ne, ɗiyata. Uwar ba tamu ba ce."

"Don mi ba ka taɓa faɗa min ba?"

"Kunya. Mutum ya ce ya taɓa wayar gari ba shi da ko akuya?"

"To shi wannan, ya aka yi ka san ɗan Gado ne? Ba ka ganin shi, Baffa."

"Na ji muryar ubanshi a bakinshi."

Kadi ta juya ta fita. Na buɗe tafin hannunsa na sa makullin.

"A wajena yake, Baffa. Ƙarya na yi maka."

"Na ji a muryarki," ya ce. "Kira min yaron."

Rashidu ya shigo ya durƙusa. Baffa ya lalubo hannunsa, ya riƙe, ya yi wata gajeruwar magana da Fulatanci, ya saki makullin. Rashidu ya rufe fuska da gefen rawaninsa.

Motar ta ƙi tashi. Tun da Baffa ya kwanta ba a taɓa ta ba, batir ya mutu. Sai da aka sauko daga masallaci, Jibo makaniki ya zo da mutum huɗu cikin fararen riguna. Suka tattare hannun riga, suka turo ta waje.

"Tsohuwa, yi haƙuri ki yi tari ɗaya," in ji Jibo. "Kai Ayuba, tura da ƙarfi, ba amaryarka ba ce!"

Suka tura ta har bakin kwata, suka dawo da ita, suka sake. A karo na uku ta yi tari, ta yi shiru, sai ta kama da wannan gurnani nata mai kauri da duk unguwa ta sani. Kaji suka watse. Na ruga ɗaki. Baffa ya karkatar da kunne wajen ƙofa, yatsunsa suna motsi bisa bargo kamar yana neman sitiyari.

"Ta yi ɗumi," ya ce. "A bar ta ta yi ɗumi."

Kafin kiran la'asar Baffa ya cika. Kadi ce ta rufe masa ido.

Rashidu ya zauna har sadakar uku. A ranar ne ya fara cin abincin gidan, loma biyu. Da zai tafi ya kwance igiyar da ke gaban motar, ya naɗe ta, ya miƙa wa Kadi da hannu biyu. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta karɓa. Muna tsaye a ƙofa motar ta bi layi a hankali, tana tsallake ruwan da ya kwanta, har ta sha kwana wajen tasha.

"Har yanzu ban yarda da idon mutumen nan ba," in ji Kadi.

Wasu sun ce sun ga farar Pijo a kan hanyar kudu. Wani ya ce a wajen masu yankan ƙarfe ya ga irinta. Farar Pijo ba ɗaya ba ce a duniya.

Da asuba aka yi yayyafi. Da gari ya waye na taka turmi na leƙa. Kadi tana sharar tsakar gida. Inda motar ta shekara shida ƙasa ta yi fari, ba ciyawa, sai gurbin taya huɗu da ɗigon baƙin mai a tsakiya. Igiyar tana rataye a reshen bedi. Kadi ta share ko'ina, ta zo bakin wurin, ta tsaya, sannan ta zagaye shi da tsintsiya.