Ƙwan da Aka Yi wa Lagwani

Shekarar da gero ya ƙone a tsaye, Danda mai gyaran rediyo ya ɗauko uwarsa Biba daga Maijirgi ya kawo ta Tasawa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da su, gajera kuwa, don haka wannan labari ba ji na yi ba.

Biba ta ci ta ƙoshi, amma ƙwan lantarki, kuran a bakinmu, da ke ɗakinta ya hana ta sakat. In an kunna, ta ce ya nuna wa duniya haƙoran da ba ta da su. In an kashe, ta ce an rufe ta da rai.

"Wace irin fitila ce ba lagwani?" in ji ta. "Ba a rage ta, ba a ƙara ta. Ran kasuwa amalanken Gajere zai koma Maijirgi, ina ciki."

"Inna, me za ki ci can? Ko zangarniya babu a rumbu."

"In ci duhuna cikin mutunci."

Danda ya san uwarsa, in ta ce za ta tahi, za ta tahi. Sai ya rantse zai yi wa ƙwan lagwani. Ya samo wani maɓalli mai juyawa daga Katsina, ya kwaso ƴan tarkacensa, ya ce zai haɗa su cikin gwangwanin madara.

To, duk Tasawa an san injin kuran ba ya tashi sai bayan la'asar. Shi ya sa da hantsi Danda ya zauna aiki bai ko cire wayar daga bango ba. Ya tuɓe takalmi a ƙofa, tunda ɗakin uwa ne. Matarsa Zalika kuma ta yayyafa ruwa ta yi shara, ƙasa duk danshi. Abin da ya manta, ranar ce wani babban soja zai zo duba rabon dawar taimako, an ce a tada inji da wuri don baƙo ya sha ruwan sanyi.

Biba na zaune bakin ƙofa da sandarta. Kunnen da ke jin akuya cikin gona tun daga gida, shi ya jiyo rurin injin can nesa. Ta waiga, ga Danda ya miƙa hannu zai kama wayar da ya feƙe. Nan take ta kai wa hannun sanda.

Wayar ta faɗa kan gwangwani. Fat, tartsatsi ya tashi, ɗaki ya ɗauki ƙauri.

"Inna, kin karya mini hannu."

"Hannu ya warke. Dubi gwangwaninka."

Ya duba, ga huda baƙa ƙirin. Zufa ta karyo masa. Ni kuwa na leƙo ta katanga na ce, "Malam injiniya, a kawo ruwa?"

Zalika ta ce, "Iya, ruwan ne ya kusa maishe ni gwauruwa."

Dariya ta kama mu, har shi ma daga baya ya taya mu.

Ya tashi ya kashe kuran daga tushe, ya cire waya, ya jefar da gwangwanin. Hamani kafinta ya yi masa ɗan akwatin katako. Ya naɗe kowane mahaɗi da baƙar roba, ya rufe akwatin ruf, maɓallin kaɗai ke waje. Ya juya zai tuɓe takalmi, Biba ta ɗaga sanda.

"Da takalminka na roba za ka shigo mini. Ladabin nan na yafe."

Da magariba ta murɗa maɓallin a hankali, ƙwan ya yi ƙasa har ya koma ja kamar garwashi. Ta ƙara, ta rage, ta ƙara, tana ƙyalƙyala dariya, haƙoran da babu duk a waje.

Ran kasuwa Gajere ya tsaya da jakinsa a ƙofar gida.

"Tahi abinka," in ji Biba. "In na tahi, wa zai tsare wannan yaro? Ka gaya wa mutanen Maijirgi fitilata ta fi ta maigari."

Tun daga nan, in na shiga hira ta ga bakina da tsegumi, sai ta ce, "Tsaya tukuna." Ta rage ƙwan, ta matso kusa, sannan ta ce, "To, ɗiyar wa?"